Wa Ke Ba da Shaida? Tarihin Auna Karatun Ɗalibi a Birnin Katsina

Duk wanda ke riƙe da wannan ɗan littafi ya sha zama jarrabawa, kuma ba da jimawa ba shi ne zai riƙa yi wa waɗansu. Fasto yakan yi wa masu neman baftisma tambayoyi. Yakan zauna a kwamitin makarantar ikkilisiya, a kawo masa sakamakon yara ya duba. Yakan sa hannu a takardar saurayin da ke neman shiga makarantar Littafi Mai Tsarki. Muna yin waɗannan abubuwa shekara da shekaru, amma da wuya mu tsaya mu tambayi kanmu abin da muke nema da su.

Hausa ta riga ta ba mu bakin zaren. Takardar da ake ba ɗalibi in ya gama karatu, takardar shaida muke ce mata. Shaida kuwa ba ta tsayuwa sai da mai shaida, wato wani wanda ya gani ko ya ji, ya kuma yarda a ambaci sunansa. Saboda haka tambayar da za mu bi a wannan darasi ita ce: a kowane zamani, wane ne yake tsayawa ya ce wannan ɗalibi ya iya, me ya gani kafin ya faɗa, kuma wa yake faɗa wa? Mun zaɓi birnin Katsina domin a cikin ganuwarsa an amsa tambayar nan ta hanyoyi uku dabam-dabam, kuma har yau mai tafiya a ƙasa zai iya zaga wuraren da aka yi su a wuni guda.

Kunnen malam

Sunan Katsina a fagen ilimi ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Shehu Muhammadu al-Magili, malamin nan na Arewacin Afirka, ya zauna a Kano da Katsina a shekarun 1490. Hasumiyar Gobarau, wadda har yanzu take tsaye a tsakiyar gari, ragowar wani tsohon masallaci ce da aka daɗe ana danganta shi da karatu. A ƙarni na 17 aka yi Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, kuma unguwar Masanawa tana ɗauke da sunansa. Bayansu aka yi Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa yana rubutu, ya rasu a can a 1741. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da aka taɓa ba shi maki saba'in cikin ɗari. Duk da haka malaman Masar sun karɓi Bakatsinen nan a matsayin malami. To, da me aka auna shi?

Sai mu fara daga ƙasa, daga makarantar allo, wadda maƙwabtanmu Musulmi suke riƙe da ita har gobe. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sa'an nan ya shiga haɗa baƙi. Ana rubuta masa ɗan abin da zai iya ɗauka a allo da tawada, in ya yi ƙwari ya rubuta da kansa. Malam ya biya masa, ya koma gefe yana maimaitawa da ƙarfi. In ya ji ya zauna masa, sai ya dawo ya durƙusa gaban malam ya karanta. Nan take hukunci ke fita. In ya karanta daidai, a ce ya je ya wanke, a ɗora masa na gaba. In ya yi tuntuɓe, malam ya gyara masa wurin, ya koma. Wanke allo shi ne cin jarrabawa, kuma ana iya yinsa kowace rana.

Mu lura da abin da babu a nan. Babu ranar da aka sa wa kowa da kowa. Babu na ɗaya, babu na ƙarshe. Yara talatin suna zaune a zaure ɗaya, kowa da inda allonsa ya tsaya, mai sauri ya wuce, mai nawa ya bi a hankali, ba a korar kowa don shekara ta ƙare. Ba a kuma yarda da rabin sani. A makarantar boko yaro yana iya cin hamsin cikin ɗari a ce ya wuce, alhali rabin abin da aka koya masa ya bar shi a baya. A gaban malamin allo, wasali ɗaya in ya karkace, ba a wankewa.

Idan ɗalibi ya kai ƙarshen izu sittin sai a yi sauka. A zayyana masa allo, a tara malamai da dangi, ya karanta a gabansu, a yi addu'a, a ci walima. Mai kallo daga waje zai ɗauka wannan ita ce babbar jarrabawar, amma ba ita ba ce. An riga an gama gwajin tuntuni, kullum safiya, shekara da shekaru. Ranar sauka malam ne yake fitowa bainar jama'a ya ce: na ji shi da kunnena daga farko har ƙarshe. Wanda ya ci gaba zuwa hadda, gwajinsa ya fi haka tsanani. Alaramma yakan rubuta Alƙur'ani da ka, waɗansu malamai su bi rubutun suna neman kuskure. Laƙabin gwani kuwa ba mutum ke ba kansa ba, sai masana irinsa sun gwada shi sun sallama.

A makarantar ilimi, wadda ake kira makarantar zaure, tsarin bai canza sosai ba, sai dai yanzu ma'ana ake nema. Kowane ɗalibi da littafinsa: wannan yana Ahalari, wancan Ishmawi ko Iziyya, na gaba yana Risala, manya suna Muhtasar. In layi ya zo kanka ka karanta Larabcin, malam ya fassara da Hausa, ya yi bayani, gobe ka dawo. Daga yadda ka karanta jimla malam ya san ko ka gane ta, domin wanda bai fahimci nahawu ba wasulansa za su tona shi. In ka sauke littafi, malam ya gamsu, yana iya ba ka ijaza, wato izinin ka koyar da wannan littafi. A cikin ijaza akan jera sunaye: wane ya karanta a wurina, ni na karanta a wurin wane, shi kuma a wurin wane, har a kai ga mawallafin. Irin wannan shaida ce malaman Afirka ta Yamma suke tafiya da ita Makka da Alƙahira. Darajarta ba ta wuce darajar sunan da ke jikinta ba. Malamin da ya ba jahili ijaza, sunansa ya zubar.

A 1967 wani masani mai suna Michael Scriven ya raba awon karatu gida biyu, kuma ɗalibanmu na sashen ilimi suna haddace rabon nan don jarrabawa. Akwai gwajin gyara, wanda ake yi ana cikin koyo domin a ga inda aka karkace a miƙe. Akwai kuma gwajin hukunci, wanda ake yi a ƙarshe domin a ce an ci ko an faɗi. Ba laifi mu koyi sunayen, amma kada mu ɗauka daga Amurka abin ya faro. Malamin zaure ya haɗa biyun a zama ɗaya: da kunnen da ya ji kuskuren, da bakin da ya gyara, da hannun da zai rubuta ijaza, duk na mutum ɗaya ne.

Ba za mu yi wa tsarin kwalliyar da ba tasa ba. Bulala tana kusa da hannun malamin allo, kuma yara da yawa tsoro ya koya musu karatu. A matakin allo furuci da hadda ake aunawa, ma'ana sai daga baya, ga wanda ya daure ya kai can. Babban rauninsa kuwa shi ne ƙarfinsa: kome ya rataya ga mutum ɗaya. In malam adali ne, ɗalibi ya huta. In yana da son kai, ko ya fi son ɗan attajiri, babu inda ɗan talaka zai kai ƙara, sai dai ya naɗe buzunsa ya nemi wani malami a wani gari.

Kwalejin Katsina

Turawan Ingila sun shigo Katsina a 1903, kuma a 1906 suka naɗa Muhammadu Dikko sarki, wanda ya yi mulki har 1944. A 1909 Hans Vischer, wanda Hausawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Daga nan aka yi ta buɗe makarantun larduna, sai aka rasa malaman da za su koyar a cikinsu. Wannan buƙata ce ta haifi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Sunan garin a ilimi da goyon bayan Sarki Dikko suna cikin dalilan da suka sa aka kawo ta nan. An kafa ta ne domin samarin Musulmi na ƙasashen sarakuna, karatun kuwa shekara biyar ne. Ginin ƙasar da aka yi mata yana nan, an mai da shi gidan tarihi, kuma ya kamata duk ɗalibinmu da ya je Katsina ya leƙa.

Kwalejin ta zo da kayan awo da zaure bai sani ba: aji, ƙararrawa, zangon karatu, jarrabawar rubutu a rana ɗaya ga kowa, maki, da jerin sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ta zo da rajista, inda kowane ɗalibi yake da lamba. Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya yi karatu a nan daga 1928 zuwa 1933, shi ne mai lamba 145.

Domin mu gane abin da Turawan kwalejin suke nema, da abin da suke gudu, sai mun ɗan waiwaya baya, mu fita daga Katsina. A Ingila, a 1862, an yi dokar da ta ɗaura tallafin da gwamnati ke ba makaranta a kan yawan yaran da suka ci gwajin sufeto a karatu da rubutu da lissafi. Sakamakon bai ɓoyu ba: malamai suka bar koyarwa suka koma horar da yara yadda za su amsa wa sufeto. Irin wannan tsari ya biyo jirgi zuwa Afirka ta Yamma da dokar ilimi ta 1882, sufeto na farko kuwa limamin kirista ne, Rabaran Metcalfe Sunter na Kwalejin Fourah Bay a Saliyo. Makarantun da abin ya shafa a Legas galibi na mishan ne, saboda haka wannan tarihinmu ne, ba na wasu ba. Makarantar da kuɗinta ya dogara ga sakamako, sakamako za ta bauta wa.

Lugga ya ga haka bai ji daɗi ba. A dokar ilimi ta 1916 ya raba makin da sufeto zai ba makaranta kamar haka: kashi 40 cikin ɗari ga jarrabawa da ci gaban yara, 30 ga tarbiyya da ladabi da tsarin makaranta, 20 ga yawan malamai da ƙwarewarsu, 10 ga gine-gine da tsabta. Wato kusan sulusin awon ya koma kan hali. Ma'aikatan ilimi na Arewa sun fi shi ma tsananin ra'ayin nan. Suna ganin makarantun Kudu sun fitar da samari masu takardu waɗanda ba sa ganin kowa da gashi, har suna rubuta wa gwamnati baƙar magana a jaridun Legas. Ba sa son irin wannan a ƙasar sarakuna.

Shi ya sa awon Kwalejin Katsina ya zama na cikin gida. Tun shigowa ma zaɓe ne: larduna ke turo yaran da makarantunsu da hukumominsu suka tsayar. A ciki ana jarrabawar Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, ana kuma koyar da Larabci da addinin Musulunci, inda Malam Bello Kagara ya yi shekaru yana koyarwa. An matsa ƙwarai a kan furucin Turanci, har ya zama ana gane ɗan Kwalejin Katsina da ya buɗe baki. Ana kallon ɗalibi yana koyar da yara. Ana kallonsa a filin wasa, a kurket da wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Ahmadu Bello ya riƙe har ya zama Firimiya. Ana kallon yadda yake gaida manya da yadda yake riƙe na ƙasa da shi. Ɗaliban ba su da yawa, malaman suna zaune kusa da su, saboda haka wanda zai rubuta rahoto a kan yaro ya san shi ciki da bai.

Ta wannan fuska kwalejin ba ta yi nisa da zaure ba kamar yadda ake zato. Mai shaida har yanzu mutum ne da ya ga ɗalibi da idonsa shekara biyar. Abin da ya canza shi ne wanda ake ba shaidar. Malamin zaure yana shaida wa sauran malamai cewa wannan ya isa ya koyar. Shugaban kwaleji yana shaida wa Razdan da En'e cewa wannan ya dace a ba shi aiki. Kuma a nan ne ya kamata mu yi hattara da kalmar hali. Wanda ke riƙe da mulki in ya ce zai auna hali, sau da yawa biyayya yake aunawa. Yaro mai yawan tambaya da yaro marar kunya suna iya samun maki ɗaya a littafin wanda ba ya son a tambaye shi. Shugabannin ikkilisiya ba su tsira daga wannan jarraba ba.

Akwai kuma hasara ta biyu. Takardar kwalejin tana da nauyi daga Sakkwato zuwa Borno, amma ba ta buɗe ƙofar jami'a. Mu gwada da Barau Dikko, ɗan makarantar mishan ta Wusasa, wanda ya bi ta King's College a Legas, inda ake shirya yara don jarrabawar waje, ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo a matsayin likita na farko daga Arewa. Ba don ya fi 'yan Katsina ƙwaƙwalwa ba ne. Shaidar da ya riƙe ce ake karɓa a can. Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa da suka cika sharuɗɗan shiga 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma giɓin nan ya daɗe yana damun siyasar Nijeriya.

Wani abin lura shi ne, an horar da mutanen nan don su koyar a aji, amma tarihi ya kai su inda rahoton makaranta bai hango ba. Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku, ya zama hakimin Rabah, daga baya Firimiyan Arewa. Tafawa Balewa ya zama Firayim Minista. Kashim Ibrahim ya zama Gwamnan Arewa, Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita suka zama ministoci. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, kuma a gasar nan ce aka gano baiwar da ta kai shi ga zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Gasar ta auna abin da jarrabawar Turanci ba za ta taɓa gani ba, wato abin da mutum zai iya yi da harshen uwarsa.

A 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Mai shaidar da bai taɓa ganinka ba

Hanya ta uku ita ce wadda dukanmu muka tashi a ciki, saboda haka ba sai mun daɗe a kan yadda take ba. A 1952 aka kafa hukumar WAEC domin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Turanci, ta karɓi aikin da jami'o'in Cambridge da Landan suke yi a da. Yaro a Katsina ya rubuta lambarsa a takarda, a ɗaure a kai wani gari, wani malami da bai san sunansa ko addininsa ko gidansu ba ya duba ya ba da maki.

Kada mu raina wannan. Ga ɗan talaka, ga 'ya mace, ga yaron da yake ɗan tsiraru a garinsu, makantar mai dubawa rahama ce. Da yawa daga cikinmu ba za mu kai inda muke ba da a ce sai wani mai faɗa a ji ya tsaya mana. Abin da zaure da kwaleji suka kasa bayarwa, wato awo ɗaya ga kowa da shaidar da za ta yi tafiya ko'ina, jarrabawar waje ta bayar.

Amma manufar awo ta sake juyawa. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka cika makarantu, guraben gaba kuwa ba su ƙaru daidai da su ba. A 1978 aka kafa JAMB domin raba guraben jami'a. Jarrabawa ta zama rariya: aikinta ta rage yawan masu wucewa. Ba ta gyara kowa, domin ɗalibi ba ya sake ganin takardarsa, bai san inda ya yi kuskure ba, sakamako kawai yake gani bayan watanni. Kiredit biyar har da Turanci da lissafi suka zama mabuɗin rayuwa. Yaron da ya fahimci aikin gona ko kimiyya sarai, amma Turancinsa bai nuna ba, takarda za ta ce bai san kome ba.

Inda takarda ta fi sani tsada, dole a sami masu sayenta. A 1977 tambayoyin jarrabawar sakandare suka fita kafin ranarsu a wurare da yawa, har gwamnati ta kafa kotun bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, a 1999 aka sake wata doka mai sassauci, a shekarar kuma aka kafa NECO. Daga 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta gaba ɗaya. Kowane mataki ƙoƙari ne na toshe ɓaraka, ɓarakar kuwa tana komawa wani wuri.

Masu tsara ilimi sun ga matsalar tun da wuri. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da ya biyo bayanta a 1982, sun kawo awon yau da kullum, wato malamin aji ya riƙa gwada yara a cikin zango, makin ya shiga sakamakon ƙarshe, sau da yawa kashi 30 ko 40 cikin ɗari. A takarda, wannan komawa ce ga kunnen malam. A aikace, malamin da ke da yara ɗari a aji ba zai iya jin kowa ba, kuma mun san yadda ake cika irin waɗannan takardu a daren da za a miƙa su. Abin mamaki, a daidai lokacin nan ita ma tsohuwar hanya ta ara daga sabuwa: musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, tana da alƙalai da maki da na ɗaya da na biyu.

Inda abin ya same mu

Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana mishan aiki a ƙasashen sarakuna. A Katsina ƙofar ta buɗe ne ta wajen jinyar kutare, sa'ad da SIM ta karɓi aikin Babbar Ruga a ƙarshen shekarun 1930. Littafi Mai Tsarki cikakke ya riga ya fito da Hausa a 1932. Awon farko da ikkilisiyoyin Arewa suka sani shi ne na ajin baftisma, kuma in muka dube shi da kyau ya fi kama da zaure fiye da WAEC. Mai bi yakan daɗe a aji yana koyon karatu da tushen koyarwa, sa'an nan ya zauna gaban dattawa su yi masa tambayoyi baki da baki. Mutanen da ke tambayarsa sun san gonarsa, sun san yadda yake zaune da matarsa, sun san ko yana biyan bashi. In ba su gamsu ba, sai su ce ya ƙara jira. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 3, ta umarta a gwada masu hidima kafin a ba su aiki, kuma yawancin abin da ta lissafta ba a iya rubuta shi a takardar jarrabawa.

Daga baya mu ma muka bi hanyar da ƙasa ta bi. Makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa suka sami 'yan'uwa na Turanci, aka buɗe TCNN a 1959, aka kafa ACTEA a 1976 domin tantance makarantun tauhidi na Afirka, kwalejoji da yawa suka haɗa kai da jami'o'i domin takardarsu ta karɓu a waje. Wannan ya kawo alheri na gaske: malami ba zai ba ɗan garinsu digiri don son rai ba, wanda ya gama a nan kuma zai iya ci gaba a wani wuri. Amma yanzu a ikkilisiyoyi da yawa albashin ma'aikaci da inda za a tura shi sun rataya ga takardarsa, kuma muna ganin ɗalibin da zai kawo ra'ayoyin masana biyar a kan Littafin Romawa, amma bai san yadda zai zauna da gwauruwa ranar makoki ba.

Jarrabawar rubutu tana da aikinta, kada a yar da ita. Ita ce ke nuna ko mutum ya karanta, ko zai iya jera tunani. Sai dai a mayar wa ɗalibi takardarsa da gyara a jiki, da wuri, tun yana tuna abin da ya rubuta, in ba haka ba mun yi hukunci ba mu koyar ba. Wa'azin gwaji a gaban malamai da 'yan aji, da harshen da zai yi hidima da shi, yana nuna abin da rubutu ya ɓoye. Tambaya baki da baki ta minti goma takan bambanta wanda ya rubuta aikinsa da wanda ya kwafo daga intanet. Rahoton aikin fili kuwa, daga faston da ɗalibi ya zauna a ƙarƙashinsa lokacin hutu, shi kaɗai ne ke gaya mana ko yana tashi da wuri, ko ana iya barinsa da kuɗin baiko.

Saura wasiƙar da ikkilisiyar gida take rubuta wa mai neman shiga makaranta. A cikin dukan takardunmu ita ce mafi kusa da ijaza, domin mutum ne yake sa sunansa a kan mutum. Wata shekara muka karɓi wasiƙu uku daga gunduma ɗaya, kalma bisa kalma iri ɗaya, suna kawai aka canza: kowannensu mai aminci ne, mai ƙwazo, marar abin zargi. Muka mayar da su da tambayoyi uku. Shekara nawa ka san shi? Wane aiki ka gan shi yana yi da idonka? Me kake so mu taimake shi ya gyara? Amsoshi biyu suka dawo da bayani mai amfani, ɗaya har ta gaya mana cewa yaron yana da saurin fushi, abin da ya taimaki malamansa ƙwarai a shekararsa ta farko. A ta ukun, faston ya rubuta cewa gaskiya bai san saurayin ba, a Kaduna yake zaune, Kirsimati kawai yake zuwa gida, kawunsa ne dattijo a ikkilisiyar ya kawo takardar a sa hannu.